GASAR ƘWALLON YARA TA ƘASA: INA RABON ƊAN TALAKA?

Wannan ita ce laccar da magatakardan reshenmu na Sabon Gari ya yi a Samaru, gaban 'yan kasuwa da iyayen yara da masu koyar da ƙwallo na unguwanni. Ga ta nan duka kamar yadda ya faɗa.

 Na san akwai wanda ya ce a ransa, wane irin rashin aikin yi ne za a tara magidanta a yi musu lacca a kan tamaula? To, ku ba ni aron kunnuwanku kaɗan. Ƙwallo yau ciniki ce, har ta fi cinikin gyaɗa na zamanin kakanninmu kawo kuɗi. Tana da dillalai, tana da la'ada, tana da masu saye a Turai da masu sayarwa a nan. Hajar da a ke ciniki a kanta kuwa 'ya'yanmu ne, waɗannan da ku ke gani da la'asar suna tashin ƙura a Hayin Dogo da Palladan da Muciya da Cikaji. Ɗan kasuwar da a ke cinikin kayansa bai san farashi ba, bai kuma ga rasit ba, ku kun fi ni sanin sunansa.

INDA MUKA FITO

Ƙwallo ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tun da jirgin ƙasa ya iso Zariya wajen 1911, Sabon Gari ta kafu ta cika da ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga ko'ina, wasan ya shigo tare da su, ya shiga makarantu da barikin soja. A 1953 'yan wasan Kano suka ci Kofin Gwamna, su ne na farko da suka fitar da shi daga Ikko, watau Legas. A 1996, sa'ad da Nijeriya ta ci zinariya a wasannin Olamfik a Atlanta ta Amurka, akwai 'yan Kaduna cikin tawagar: Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro. Daga nan zuwa Kaduna kuwa wajen mil 50 ne.

A ƙwallon yara 'yan ƙasa da shekara 17 babu ƙasar da ta kai mu cin kofin duniya. Mun ci a ƙasar Sin a 1985, a Japan a 1993, a Koriya ta Kudu a 2007, a Daular Larabawa a 2013 a hannun Malam Manu Garba, sa'an nan a Chile a 2015. Sau biyar ke nan. Amma ku ji abin da ya biyo baya. A 2023 ba mu je gasar ba ko kaɗan. A 2025 aka faɗaɗa ta zuwa ƙasashe 48 a Ƙatar, aka ba Afirka kujera goma, duk da haka babu Nijeriya. An yi biki da sunanka, an ƙara tabarmi, kai kuwa ko ƙofar gidan ba ka kai ba. Lalle akwai abin da ya lalace a gindi.

BAMBANCIN KOFI DA LIG

Kada wani ya ce ba a yi kome ba. Ƙungiyar wasannin matasa da a ke kira YSFON ta daɗe tana shirya Kofin Ramat a Kano domin tunawa da Janar Murtala Muhammad, yara daga jihohi suna zuwa. A 2017 masu kula da gasar Firimiya ta Nijeriya suka haɗa kai da 'yan LaLiga na ƙasar Sifen, suka fara gasar 'yan ƙasa da shekara 15 ta kulob-kulob ɗin Firimiya. A 2024 kuma aka buɗe gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta waɗannan kulob-kulob. Duk wanda ya sa hannu cikin waɗannan mun gode masa. Amma akwai abu biyu da ya kamata ku lura da su.

Na farko, galibin gasannin yara a ƙasarmu na 'yan kwanaki ne. A tara yara wuri ɗaya, a yi mako ɗaya ko biyu, a miƙa kofi, a ɗauki hoto da manya, kowa ya kama gabansa sai baɗi. In kuwa sili ɗaya ƙwale a ke yi, ku yi lissafi da kanku: kulob 16 suka shiga, ran farko 8 sun koma gida, yaransu wasa ɗaya tak suka buga a shekara. Lig ba haka ta ke ba. A lig kowane kulob zai kara da kowane, sau ɗaya a gidansa, sau ɗaya a gidan abokin karawarsa, kowane mako, a riƙa rubuta maki. In kulob 12 ne, kowane yaro yana da wasa 22 a gabansa. Wanda ya yi kuskure yau, yana da Asabar mai zuwa ya gyara. Ku da ku ke da yaran shago kun sani, ba a koyon ciniki ran kasuwar jajibirin Salla kaɗai. Zaman kullum shi ke koya wa yaro awo da canji da sanin halin mai saye.

Na biyu, wa ke shiga? Gasar 2024 ta kulob 20 ce na Firimiya, yawancinsu kuwa na gwamnatocin jihohi ne. Cikinsu babu ko ɗaya da ke zaune a Zariya. Mafi kusa da mu shi ne Kano Pillars. Ashe yaron Samaru da ke son a gan shi sai ya sami kuɗin mota, ya sami masauki a garin da bai san kowa ba, ya sami wanda zai kai shi gaban koci. Ɗan wa ke da waɗannan uku? Kulob ɗin unguwa kuwa, wanda wani bawan Allah, tela ko makaniki ko malamin firamare, ya ke ɗawainiya da shi da kuɗin aljihunsa, yana sayen ƙwallo da ruwan sha da maganin targaɗe, ba shi da ƙofar shiga ko ɗaya. Alhali a nan ne a ke ƙyanƙyashe 'yan wasan. Ahmed Musa, kafin ya zo Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2010, kafin Holan da Rasha da Ingila su san shi, a wata ƙaramar makarantar ƙwallo ya taso a Jos.

ƘARYAR SHEKARU

Yanzu zan taɓa inda ke da zafi. Gasar yara ba ta da ma'ana in ba yara ke bugawa ba. A 1989 hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA, ta dakatar da Nijeriya shekara biyu daga gasannin matasa, domin an sami saɓani cikin ranakun haihuwar waɗansu 'yan wasanmu, har ta ƙwace mana baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. A 2009, shekarar da muka karɓi baƙuncin gasar 'yan ƙasa da 17, aka buga wasanni har a Kano da Kaduna da Bauchi, FIFA ta fara aiki da wata na'urar asibiti mai ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu. Hikimar ita ce, ƙashin yaro yana da wata gaɓa da ba ta gama haɗewa sai ya girma, in an ga ta haɗe sarai sai a ce ya wuce. A 2016 aka gwada yaran da aka tara a sansaninmu, 26 suka faɗi. Da ragowar aka je aka kara da maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar, suka fitar da mu a Yamai, mu da ke riƙe da kofin duniya a lokacin. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Wa ƙaryar nan ta ke cuta? Ku duba da kyau. In ƙato mai shekara 22 ya aske gemu ya shiga cikin 'yan 16, yaron gaskiya mai shekara 15 shi a ke turewa gefe, a ce ba shi da ƙarfi. Sai ya zauna yana jira, shekara biyar, shekara shida, har shi ma ya zama ƙato, sa'an nan wani ya raɗa masa ya rage shekaru ya ture na bayansa. Haka abin ke ta juyawa. Na'urar kuma ba ta san ranar haihuwar kowa ba, ƙashi kawai ta ke gani, yaron gaskiya mai saurin girma yana iya faɗuwa. Maganin da ya fi na'ura araha shi ne takardar haihuwa, wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa, in an karɓe ta tun yaro yana goye. Takardar da aka yanka ran suna ba ta san yaron zai yi ƙwallo ba, saboda haka ba ta da dalilin yin ƙarya. Wadda aka je aka rantse aka karɓo ana gobe gwaji, kowa ya san abin da ta ke. Iyayena mata, wannan aiki a hannunku ya ke.

KUƊIN DA KE WUCE MU

Ga maganar da na fi so 'yan kasuwa su riƙe. FIFA tana da doka cewa in kulob na wata ƙasa ya sayi ɗan wasa daga kulob na wata ƙasa, sai a cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob-kulob ɗin da suka rene shi tun daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara tana da rabonta: daga 12 zuwa 15 kowace shekara kwata ɗin kashi ɗaya, daga 16 zuwa 23 kowace shekara rabin kashi ɗaya. Ba kuma sau ɗaya ba, duk sa'ad da aka sake sayar da shi a irin wannan ciniki sai an cire. Akwai kuma wani kuɗin dabam, na ladan horarwa, wanda a ke biya sa'ad da yaro ya fara sa hannu a kwantiragin sana'a a waje.

Bari in ba ku misali da lissafi. A ce wani koci a Dogarawa ya riƙe yaro tun yana 12 har ya gama 17. Daga baya yaron ya yi sa'a, wani kulob na Beljiyam ya sayar da shi ga na Faransa a kan Yuro miliyan ɗaya, wanda a kasuwar Turai ƙaramin ciniki ne. Kashi 5 cikin 100 ya kama Yuro 50,000. Rabon shekara huɗun farko Yuro 10,000, rabon shekara biyun da suka biyo Yuro 10,000. Jimla Yuro 20,000 na kulob ɗin Dogarawa, halak malak. Ku juya shi zuwa naira a farashin da kuka sani, ku gaya mini ƙwallo nawa da takalma nawa da kuɗin makarantar yara nawa zai biya. Wannan a kan miliyan ɗaya ke nan. Victor Osimhen, wanda ya yi tallan ruwa a titunan Ikko yana yaro, ya kuma ci ƙwallo 10 a gasar 2015, wajen Yuro miliyan 70 Napoli ta Italiya ta saye shi a 2020.

To, me ke hana kocin Dogarawa karɓar haƙƙinsa? Rubutu. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofis a Faris wanda ta hannunsa a ke biyan irin waɗannan kuɗi, ofishin kuwa ba ya jin rantsuwa, ba ya jin “kowa a unguwa ya san ni na koya masa.” Yana duba rajistar ɗan wasa ne a kwamfuta, shekara bi shekara, a ga wane kulob ya riƙe shi. In kulob ɗinka ba shi da rajista da hukumar ƙwallo, in sunan yaron bai shiga ƙarƙashinka ba, to, a idon doka ba ka taɓa ganinsa ba. Wani mai wayo a birni, wanda ya riƙe yaron wata shida ya rubuta sunansa, shi zai karɓa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amfanin lig ta gaskiya ke nan da ba a faɗa muku: ba a buga ta sai da kati, katin kuwa shi ne rasit ɗin talaka.

Ku yi hattara kuma da dillalan da ke yawo gida gida suna cewa a kawo kuɗin biza da na jirgi za su kai yaro gwaji Turai. Dokar FIFA ta hana a kai yaron da bai cika 18 ba wani kulob na ƙasar waje, sai da waɗansu dalilai ƙalilan, kamar a ce iyayensa ne suka ƙaura can domin wani aikin da ba na ƙwallo ba. Duk wanda ya ce zai kai ɗanka mai shekara 15 kulob a Turai in ka sayar da gona ko keken ɗinki, ka tambaye shi lasisinsa, ka tambaye shi takardar gayyata daga kulob ɗin, ka kai wa wanda ya iya karatu ya duba. Kulob ɗin da ke son yaro da gaske shi ke biyan kuɗin jirgi.

YADDA WAɗANSU SUKA YI

Akwai wani Shola Ameobi, a nan Zariya aka haife shi a 1981. Yana ɗan shekara biyar iyayensa suka koma Newcastle ta Ingila. Can ya shiga makarantar ƙwallo ta kulob ɗin garin, yana karatu yana wasa, ya hau babban kulob a 2000, ya zauna har 2014, ya kuma buga wa Nijeriya a gasar duniya ta wannan shekarar. Ruwan Zariya ya fara sha kamar 'ya'yanku. Abin da ya samu can shi ne tsari: Ingila tana da kofin matasa na ƙasa tun 1952, ga lig-lig na yara a kowace gunduma. Jamus kuma, da ta sha kunya a gasar Turai ta 2000, sai ta tilasta wa manyan kulob-kulob su buɗe makarantun horar da yara, ta kafa lig ta ƙasa ta 'yan ƙasa da 19 a 2003, ta 'yan ƙasa da 17 a 2007. A 2014 ta ci kofin duniya. Shekara 14 suka yi suna shuka kafin su girba.

Amma kada in ruɗe ku. Cikin yaran da ke filin unguwarku, mafi yawansu ba za su ci abinci da ƙwallo ba, ko a Ingila haka ne. Ƙafa ɗaya ce in ta karye shi ke nan. Saboda haka lig ɗin da za ta fitar da yaro daga aji ran Talata ta kai shi wani gari, ba ma sonta. A buga ran Asabar da lokacin hutu. Mu da Jami'ar Ahmadu Bello ke zaune a tsakiyarmu tun 1962, abin kunya ne a ce ɗan Samaru ya bar karatu saboda tamaula. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, a tanƙwara shi ta wajen biyu.

ABIN DA MU KE NEMA

Ga buƙatunmu ga Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya da reshenta na Jihar Kaduna da Ƙaramar Hukumar Sabon Gari.

Na ɗaya, gasar yara ta ƙasa ta fara daga ƙasa. A yi lig ta mako-mako a kowace ƙaramar hukuma, inda yaro zai je fili da ƙafa ko da kuɗin Keke Napep. Zakarun Sabon Gari su kara da na Zariya da Giwa da Soba da Kudan, zakaran shiyya ya je Kaduna, na jiha ya je na ƙasa. Ta haka kuɗin mota mai yawa ba zai tashi ba sai a ƙarshe, a nan kuwa hukuma ta biya.

Na biyu, a buɗe ƙofa ga kulob ɗin unguwa. Kuɗin rajista ya zama wanda tela zai iya biya, a rubuta shi a allo a manna a bango kowa ya gani, a ba da rasit. Jami'in rajista ya riƙa zuwa Zariya a ranaku sanannu, kada a ce sai kowa ya tafi Kaduna.

Na uku, kowane yaro a yi masa kati da hotonsa tun yana 12, da takardar haihuwa da shaidar makarantarsa, a shigar da sunansa cikin rajistar da FIFA ke dubawa. Kulob ɗin da aka kama da ƙaton banza a cire masa maki, a hukunta babban da ya shirya ƙaryar, a bar yaron ya koma cikin tsararsa.

Na huɗu, a tsare filaye. Filin makaranta da filin unguwa kada a yanka su a yi shaguna. A ba yara sa'o'i sanannu a filayen gwamnati ba tare da sun biya ba, a kuma ajiye mai ba da taimakon farko a kowane wasa.

Na biyar, duk kuɗin da aka ware da sunan ƙwallon yara a buga lissafinsa a jarida kowace shekara, abin da ya shigo da abin da ya fita.

NAMU AIKIN

Kada mu zauna jiran Abuja. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku masu koyar da yara, ku haɗu ku zaɓi magatakarda, ku sayi babban littafi, ku rubuta sunan kowane yaro da ranar haihuwarsa da sunan mahaifinsa da ranar da ya shigo, sa'an nan ku je tare ku yi rajista da hukumar jiha, domin littafinku shi kaɗai ba ya isa Faris. Ku 'yan kasuwar Samaru da ta Sabon Gari, kun iya adashe, ba sai an koya muku ba. Layin 'yan hatsi ya ɗauki kulob ɗaya, layin 'yan yadi ya ɗauki ɗaya, mahauta su ɗauki ɗaya, ku sayi riguna da ƙwallo, ku biya alƙalin wasa, amma ku ce sai kun ga littafin kafin ku saki ko kwabo. Ku iyaye, kada ku sa hannu ko ku dangwala yatsa a takardar da ba a karanta muku ba, kome zaƙin bakin wanda ya kawo ta. Wanda ba shi da mai karanta masa ya kawo ofishinmu, za mu karanta masa kyauta, ko ɗan jam'iyyarmu ne ko ba shi ba ne.

Shugaban taro, na ga rana ta yi, masu rumfa suna duban hanya. Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu, mu amsa abin da ya sauƙaƙa. Allah ya raya mana yaranmu, ya kiyashe su daga hannun macuta.